Atonement da Hausa fa, kaffara ce ko me?

Jama'a a taimaka min da kalma. Ƙanena ne yake fassara wani labarin ƙwallo sai ya zo inda bature ya ce Beckham ɗan wasan Ingila ya yi atone, wato a kan jan katin nan da aka ba shi a gasar kofin duniya ta 1998 da ya shuri Simeone ɗan wasan Ajantina har Ajantinar ta fitar da Ingila, sai ga shi a 2002 shi ne ya ci Ajantinar da fenareti aka tashi 1-0. Yaro ya rubuta wai Beckham ya yi kaffara. Na ce to azumi 60 ya jera ko miskinai ya ciyar?

Ba wai ya yi kuskure gaba ɗaya ba fa. In maganar addini ake kaffara ce tabbas, ko Yom Kippur na Yahudawa da turawa ke cewa Day of Atonement, Ranar Kafara aka sa a Littafi Mai Tsarki na Hausa. Matsalar ita ce kaffara a wajenmu tana da ƙa'ida da lissafi, ka karya rantsuwa ka ciyar da miskinai 10 ko ka tufatar da su ko ka 'yanta bawa, in babu hali azumin kwana 3, kuma tsakaninka da Allah ne. Shi ko bature har mai tsaron gida da ya saki ƙwallo ta shige, in ya kaɗe fenareti daga baya sai ya ce ya yi atone.

Na ga masu cewa diyya. A'a, diyya dukiya ce, raƙuma 100 ko kuɗin da kotu ta yanka, kana iya biya kana zagi a zuci. Wani ya ce fansa, amma da ka ce fansa kunnen Bahaushe ɗaukar fansa zai ji ko kuɗin masu garkuwa. Wanke kai ma na ƙi, don wanda kotu ta wanke ai bai yi laifin ba kenan, shi kuwa wannan ya yi kuma ya yarda ya yi.

Wata baiwar Allah ta ce biko, wallahi ta burge ni. Asalin kalmar atone ɗin a Turanci ai at da one ne aka haɗe tun ƙarni na 16, wato a koma a zama ɗaya bayan an ɓata. To mene ne biko in ba haka ba? Mata ta yi yaji, miji ya kwashi ƙafa da goro da turmin atamfa ya je ya tsuguna a zauren surukinsa kai a ƙasa, baba yana ta faɗa shi kuma ba abin da yake cewa sai a yi haƙuri Baba, ba za a sake ba. Ga amsa laifi ga ɗawainiya ga shiri, duk sun haɗu. Sai dai biko na aure ne, ba za ka ce Jamus ta yi bikon Yahudawa ba mutane su yi maka dariya.

Ni dai inda na tsaya gyara ɓarna. A ƙauyenmu in shanu suka shiga gonar gero mai unguwa yakan sa a je a ga ɓarna a ƙiyasta, mai shanu ya biya a yi musafaha, kowa ya san wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Ɗinke ɓaraka ma ta yi kusa amma ita ko ɗan sulhu yana iya ɗinkewa, ba dole sai mai laifin ba.

Don haka na ce masa ya goge kaffara ya rubuta Beckham ya gyara ɓarnar da ya tafka a 1998. Ya ce ta yi tsawo a kanun labari. 'Yan Damagaram da Sakkwato in kuna da guda ɗaya gajeriya ku jefo, yana jira.