Abin da aka tattauna kan kula da masu buƙata ta musamman a gida

Jama'a, ga abin da na tsinta:

1. Kusan kowa ya yarda akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Ta tarayya, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen gwamnati don su iya shiga cikin sauƙi. Wa'adin ya wuce, aiki ne ya rage.
2. A nemi kaso a kasafin jihar Kaduna don masu jinya a gida. Wata uwa ta bar sana'arta saboda juya ɗanta cikin dare da kuɗin kunzugu. Wannan ya fi taɓa ni.
3. An rabu a nan: wasu na son kuɗin ya shiga hannun iyali, wasu suna tsoron dangi su cinye, gara a tura ma'aikatan lafiya gida-gida.