Kwana shida a mako nake ɗaga ƙarfe amma ƙarfina raguwa yake, gwiwar hannu kuma ta fara ciwo

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana ku taimaka, abin nan ya fara hana ni sukuni. Na kusa shekara biyu ina ɗaga ƙarfe. Da farko a wani gida nake yi a unguwarmu, ƙarafan duk na siminti ne da tsofaffin kayan mota, daga baya mai gidan ya tashi, sai na koma jim na kuɗi, kuɗin wata ma ba kaɗan ba ne, ga na mota. Da tsarina shi ne kowace gaɓa sau ɗaya a mako: Litinin ƙirji, Talata baya, haka dai. Sai jiki ya tsaya cak, nauyina kilo 64 ya ƙi motsi. Ga biki ina da shi nan da wata huɗu, an riga an kai ɗinki, kuma na ce wa tela ya bar wuri a kafaɗa. Shi ne na ga ana ta maganar cewa taɓa tsoka kullum ya fi gina ta, na koma kwana shida. Kullum ina yin benci (tura sandar ƙarfe sama ina kwance a kan benci) seti 5, seti shi ne ɗagawa a jere kafin a huta, dambel a bencin da aka ɗaga kansa seti 3, sai ƙwanji da bayan damtse, kowane seti sai hannu ya ƙi tafiya nake ajiyewa. Makonnin farko na ji daɗi sosai, riga har ta fara kama ni. Yanzu wata biyu ke nan, kilo 70 da nake ɗagawa sau 8 da ƙyar nake kai 5. Cikin gwiwar hannun dama na zafi, gaban kafaɗa ma yana ɗan tsunkulina. In ƙara kwana ne, ko akwai abin sha da za ku ba ni shawara?

Koci:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ɗauki biro ka yi lissafi. Seti 8 na ƙirji sau kwana 6, seti 48 ke nan a mako. A tsohon tsarinka ranar ƙirji ba za ta wuce seti 12 zuwa 15 ba. Wato ninka aikin ka yi sau uku ko huɗu a dare ɗaya, alhali tsarin yawaita kwanaki raba aikin ake yi. Abin da yawancin mutane ke iya warkewa daga shi kuma su ƙaru shi ne seti 10 zuwa 20 masu wahala ga kowace tsoka a mako. In ka zaɓi 15, ko ka yi su rana ɗaya, ko 5 sau uku, ko 3 sau biyar. Amfanin rabawar shi ne setin da ka yi da sabon ƙarfi ya fi wanda ka yi a ƙarshen seti na goma sha huɗu, lokacin da hannu ke rawa. Brad Schoenfeld da abokan aikinsa sun tattara bincike a 2016 suka ga sau biyu a mako ya fi sau ɗaya. Da suka sake dubawa a 2019, suna kwatanta waɗanda jimillar aikinsu na mako ɗaya ce, sai bambancin ya kusa ɓacewa. Kwanakin hanya ce ta shirya aiki, jimillar ita ce magana.
Sannan ban ga ƙafa a bayaninka ba, ban ga baya ba. Ina suke?

Mai tambaya:
Oga na gode. Ƙafa ina yi ranar Asabar in lokaci ya rage, dama ina yawan tafiya a kasuwa. Amma maganar seti 48, ai nauyin ba wani mai yawa ba ne, kuma jikina ba ya yin tsami yanzu, alamar ya saba ke nan. Na kuma ji an gwada a Norway, masu kwana shida suka fi masu kwana uku.

Koci:
Rashin tsami ba warkewa ba ne. Duk motsin da ka maimaita sau da yawa tsaminsa yana raguwa, ko tsokar na ƙaruwa ko ba ta ƙaruwa. Ma'aunin warkewa shi ne ƙarfe: daga 8 ka dawo 5, magana ta ƙare. Na Norway kuwa ƙwararrun masu gasa ne, kuma aikin mako iri ɗaya aka ba ɓangarorin biyu, aka tsinka na masu kwana shida gida biyu. Kowane zama nasu rabin na waɗancan ne. Kai cikakken zama kake yi sau shida.
Ga abin da za ka yi. Mako ɗaya tukuna ka sauke: rabin setin, kashi 60 cikin ɗari na nauyin, babu setin da zai kai ka ga gazawa. Bayan nan kwana biyar, Laraba da Lahadi hutu, kullum motsi ɗaya ga kowace gaɓa, seti 3.
Litinin benci, ɗagawa 5 zuwa 8. Talata dambel a bencin da aka ɗaga, 10 zuwa 12. Alhamis benci da nauyi kaɗan, 8 zuwa 10. Juma'a buɗe ƙirji da dambel ko igiya, 12 zuwa 15. Asabar injin tura ƙirji, ko dambel a kwance. Jimilla seti 15. Baya ma haka: rana ɗaya jan jiki a sanda, wata rana jan ƙarfe zuwa ciki kana sunkuye. Cinya: sikwat (tsugunawa da miƙewa da ƙarfe a kafaɗa) sau biyu, ɗaga ƙarfe daga ƙasa da ƙafa kusan miƙe sau ɗaya, sauran ranakun inji ko taku da dambel. Ƙwanji da bayan damtse seti 2, sau uku a mako ya isa, tunda benci da jan ƙarfe suna aiki da su. Kowane seti ka ajiye alhali kana jin saura biyu a hannunka. Ranar da ka cika saman adadin a dukkan seti uku, ka ƙara kilo 2.5, kada ka wuce.

Ɗan Ƙarfe:
Kilo 2.5 a ina Oga? Yawancin wurarenmu ƙaramin faranti kilo 5 ne, gefe biyu ya zama 10. Daga 70 sai mutum ya yi tsalle zuwa 80, ƙarin kusan kashi 14 cikin ɗari a tashi ɗaya, kafaɗa ba za ta yarda ba. Masu jim su karɓi kuɗi duk wata amma ƙananan faranti huɗu sun gagare su saye, benci ɗaya tal, samari goma a kansa suna ɗaukar hoto. Wanda zai yi kwana biyar na jiki gaba ɗaya a irin wurin nan rabin lokacinsa a layi zai ƙare. Ɗan uwa, in babu ƙananan faranti, ka ƙara a yawan ɗagawa: ka tsaya a 70 har sai ka kai 12 a kowane seti, sannan ka hau 80 ka faro daga 5 ko 6.

Tsohon Hannu:
Ni ban yarda da kwana biyar ɗin ba gaba ɗaya. Yaro mai kilo 64 da bencin 70 bai kai matsayin da zai buƙaci wannan ba. Kwana uku, Litinin, Laraba, Juma'a, jiki gaba ɗaya: sikwat, benci, jan ƙarfe, ɗaga sanda sama da kai. Seti biyar na ɗagawa biyar, biyu na farko na ɗumama jiki. Da irin wannan Reg Park, gwanin gina jiki ɗan Ingila, ya yi suna tun shekarun 1950, kuma har yau ba a ƙaryata shi ba. Kowace tsoka ta samu taɓawa sau uku, tsakani akwai awa 48, kusan tsawon lokacin da tsoka ke ɗauka tana ginuwa bayan tirenin. Masu kawo misalin 'yan ɗaga ƙarfen Bulgeriya da kocinsu Ivan Abadjiev, wai suna ɗagawa kullum har sau biyu sau uku a rana, su tuna waɗannan ba su da wata sana'a sai ita, an tace su ne daga cikin ɗaruruwa, kuma a gasar Olamfik ta 1988 a Seoul an ƙwace zinare biyu daga hannunsu saboda ƙwaya, ƙungiyar ta janye. Ɗan kasuwa da ke wuni a tsaye ba sa'ansu ba ne.

Koci:
Yallaɓai, kwana uku yana aiki, ban musa ba. Amma wannan da ya saba zuwa kullum, ka ce ya zauna kwana huɗu a gida, ranar da ya je zai rama ne da seti 20. Gara a bar masa zuwan a rage masa abin da zai yi. Kuma biyar sau biyar da nauyi mai yawa a kan gwiwar hannu mai ciwo, a'a.

Mai fisiyo:
Kuna ta jayayyar kwanaki kun bar ciwon. Tsoka tana sabawa da kaya cikin makonni, jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi watanni take ɗauka, shi ya sa mai ninka aiki farat ɗaya jijiya ke fara kai ƙararsa. Zafi a cikin gwiwar hannu, wajen ƙashin nan da ya ɗan turo ta gefen jiki, yawanci daga matse sanda ne da naɗe ƙwanji da miƙaƙƙiyar sanda, musamman in wuyan hannu yana lanƙwashewa. Ka koma dambel, tafin hannu na kallon juna. Ka bar motsin nan na sauke sanda zuwa goshi. A benci kada gwiwar hannu ta buɗe ta yi layi ɗaya da kafaɗa, ka ɗan jawo ta zuwa haƙarƙari, ka matse allon kafaɗa baya da ƙasa, sanda ta sauka a ƙasan ƙirji. Ƙa'ida: zafin da bai wuce 3 cikin 10 ba kuma ya lafa kafin washegari ana iya aiki da shi. In ya wuce haka, ko yana tashinka da dare, ko ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna yin dindiris, ka ajiye ƙarfe ka je a duba ka. Kada ka sha maganin kashe zafi don ka samu ka yi benci. Ni da zan zaɓa, mako biyu babu turawa ko kaɗan, ƙafa da baya kawai.

Mai tambaya:
Mako biyu babu benci kam da wuya Malam, lokaci ya ƙure min. Ciwon ma ba kullum ba ne, in na shafa man zafi na ɗumama jiki yana tafiya. Abin shan fa? Babu wanda ya ce komai.

Ɗan Ƙarfe:
Abin sha shi ne abinci, kuma har yanzu ba ka faɗi abin da kake ci ba. Furotin giram 1.6 ga kowane kilo na jiki, kai wajen giram 100 ke nan a rana, ƙarshensa 140. Ƙwai uku 18. Busasshen wake giram 100 kafin a dafa, kusan 23. Gyaɗa giram 50, wajen 12. Kindirmo rabin lita, wajen 17. Kifi ko kaza giram 100 dafaffe, 25 zuwa 30. Tuwo da shinkafa da burodi su cike sauran. Ka hau sikeli da safe sau uku a mako, in nauyi bai ƙaru da kusan kwatan kilo a mako ba, ka ƙara faranti ɗaya na abinci. Na kanti da ya tabbata shi ne kiriyatin (creatine, garin da ake sha don ƙarfin tsoka), giram 3 zuwa 5 kullum, ba sai an fara da shan mai yawa ba. Amma don girman Allah ka nisanci masu ba da sha-ka-fashe a bakin jim. Wanda ke ɗauke da dexamethasone ruwa yake tarawa, fuska ta kumbura, sukari da hawan jini su tashi, tsokar ma cinye ta yake. Ana sayar wa yara wannan ba takardar likita, babu mai cewa uffan, kuma in an ga kumatu sun cika sai a ce tirenin ya karɓe shi.

Tsohon Hannu:
Barci kuma awa nawa? Ƙasa da bakwai, duk tsarin Koci ba zai yi ba, nawa ma haka.

Koci:
Tsarina zai yi in an bi shi yadda na rubuta. Ƙanena, a wata huɗu, da ci da barci da komai daidai, abin da za ka iya sa rai na tsoka zalla kilo ɗaya ne zuwa biyu. Kafaɗar rigar kuwa, ɗaga dambel gefe da gefe, seti 3 na 15 zuwa 20 sau huɗu a mako, shi ke faɗaɗa ta, benci ba ya yin wannan aikin. Ka fara saukewar gobe.

Mai tambaya:
Barci wajen awa biyar ne zuwa shida, saboda sai bayan isha nake rufe shago, tirenin kuma bayan asuba. Amma ai tun da haka nake. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Abin da nake tunani shi ne in bar kwana shidan yadda yake tunda na riga na biya kuɗin wata, in rage benci zuwa seti 4, in sa bandeji a gwiwar hannu, in ƙara ƙwai. Saukewar kuma in bar ta sai bayan biki. Kiriyatin ɗin kafin tirenin ake sha ko bayansa?

Mai fisiyo:
Lokacin shansa ba shi da wani tasiri. Yatsun suna dindiris ko ba sa yi? Ba ka amsa ba.