Me ya sa ake ganin fuskoki da dodanni a jikin duwatsun Rumsiki?

Direban Mokolo:
Assalamu alaikum. Aikina ɗaukar fasinja ne tsakanin Marwa da Mokolo, wani lokaci kuma nakan wuce da baƙi har Rumsiki, a arewacin Kamaru, inda dogayen duwatsun nan suke tsaye ɗai-ɗai a cikin kwari. Na lura cewa idan aka isa wurin da la'asar sakaliya, musamman lokacin hazo, da wuya a rasa fasinjan da zai nuna wani dutse ya ce ga tsoho mai rawani, ko ga dodo ya wangale baki, kuma da zarar ya faɗa sai kowa ya gani, har ni kaina. Da tsakar rana kuwa babu komai sai dutse. Shin ido ne yake yaudarar mutum, ko akwai wani abu a wurin da bai kamata a riƙa nuna shi da yatsa ba?

Malamin Kimiyya, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam direba. Duwatsun nan ragowar tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne: narkakken dutse ya daskare a cikin hanyar da yake fitowa, ruwa da iska suka zaizaye ƙasar da ke kewaye da shi a tsawon zamani, ya saura a tsaye da tsage-tsage da ramuka a jikinsa. Sauran aikin ƙwaƙwalwarmu ce take yi. A 1997 Nancy Kanwisher da abokan aikinta a Amurka sun nuna cewa akwai wani yanki na ƙwaƙwalwa da ke zabura musamman idan mutum ya ga fuska, kuma an san cewa ƙwaƙwalwa tana amsa wa fuska kafin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ya cika, wato tun kafin mutum ya yi tunani. Abin da take nema kaɗan ne: baƙaƙen ɗigo biyu a sama, da layi ɗaya a ƙasansu. Wannan gaggawa tana da amfani, domin wanda ya zaci kututture mutum ne ya tsorata kawai, amma wanda ya zaci ɗan fashi kututture ne ya shiga uku.

Batun la'asar kuma haske ne. Idan rana ta yi ƙasa, haskenta yana bugun dutsen daga gefe, inuwa ta cika ramukan su zama idanu da baki, hazo kuma ya shafe ƙananan alamomin da za su ƙaryata siffar. Da tsakar rana haske daga sama yake saukowa, sai inuwar ta sauya, fuskar ta watse.

Hajiya 'yar Garwa:
Malam, bayaninka ya gamsar, sai dai kada matasa su karanta su ɗauka an ce babu aljanu. Akwai su, amma Alƙur'ani ya faɗa a Suratul A'araf, aya ta 27, cewa Shaiɗan da ƙabilarsa suna ganinmu ta inda ba mu ganinsu. Saboda haka abin da mota guda ta taru tana kallo, har ana ɗaukarsa hoto da waya, ni a ganina dutse ne. Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke shuka wannan tsoro a zukatan yara. Uwa ta nuna wa yaro tsohuwar kuka da magariba, mai kogo biyu da rassa a miƙe, ta ce ga dodo nan domin ya shigo gida, sai yaron ya girma ba ya iya bin hanyar. Wanda ya taɓa wucewa ta Dutsen Zuma a kan hanyar Abuja, wanda hotonsa yake a tsohuwar takardar naira 100, ya san irin labaran da ake ratayawa a kan fuskar da ke jikinsa.

Ɗan kasuwa, Njamena:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ni ƙari zan yi a kan maganar Malam, domin ba kowace siffa ce take jiran la'asar ba. A tsaunukan Enedi na arewa maso gabashin Chadi, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2016, dutsen na yashi ne, yana da saurin zaizayewa, har ya fitar da ginshiƙai da ƙofofi irin ta Aloba mai tsayin kusan mita 120. Akwai wani da ya yi kama da giwa, da dogon hancinta a ƙasa, ko da rana tsaka. Amma a wurin ma sai ka tsaya a inda ya dace, kuma 'yan jagora sun san daidai inda za su tsayar da mota. Idan ka zagaya ta baya, giwar ta ɓace. Haka ya faru da hoton duniyar Mas da kumbon Viking 1 ya ɗauka a 1976, wanda aka yi ta cewa fuskar mutum ce aka sassaƙa. Da wani kumbo ya sake ɗaukar wurin da kyamara mafi kyau a 1998 da 2001, sai ga tudu mai shimfiɗaɗɗen kai.

Ma'aikaciyar lafiya, Kuseri:
Yaya direba, tunda sitiyari ne a hannunka, ka kula da wannan bambanci. Ganin fuska a dutse alhali ka san dutse ne, wannan lafiya ce. Amma idan siffar ta fara motsi, ko ka ga mutum yana tsallaka titi inda babu kowa, to sau da yawa rashin barci ne, ko zazzaɓi mai zafi, ko ƙwayoyin da wasu direbobi ke sha domin su jure doguwar tafiya. A irin wannan hali ka gangara gefen hanya ka yi barci, idan kuma abin ya maimaita bayan ka huta, ka je asibiti a duba ka.