Waya a aljihun gaba tana taɓa zuciya ne?

Kawu na Ƙofar Soro: Salamu alaikum jama'a. Don Allah ku daina sa waya a aljihun gaba. Maƙwabcinmu ya yanke jiki ya faɗi a masallaci, aka ce zuciya ce, kuma kullum wayarsa na manne da ƙirjinsa. Radiyeshon ɗin nan ne ke cin zuciya a hankali.

Ma'aikacin ɗakin hoto na asibiti: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ba shi lafiya. Sai dai radiyeshon iri-iri ne. Na waya da antena dangin na rediyo ne, ba shi da ƙarfin fasa ƙwayoyin halitta, iyakarsa ɗan ɗumi. Mai ƙarfin shi ne na hoton ƙirji, sikanin CT da injin da ake gasa ciwon daji da shi. Wanda ake ja wa kunne kan aljihun gaba shi ne wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, ya nisanta waya da ita kamar santimita 15.

Kawu na Ƙofar Soro: To kai da ke ɗaukar hoton, me ya sa kake laɓewa bayan bango?

Ma'aikacin ɗakin hoto: Mara lafiya sau ɗaya zai tsaya gaban injin, ni kuwa wuni nake yi. Hoton ƙirji ɗaya kusan milisiba 0.1 ne (ma'aunin radiyeshon da jiki ya sha ke nan), alhali ƙasa da iska da abinci na ba kowa kimanin milisiba 2 zuwa 3 a shekara.

Hajiya ta Sabuwar Unguwa: Malam, kada a watsar da maganar Kawu gaba ɗaya. Da za a yi wa ƙanwata gashin ciwon daji a nonon hagu, likita da bakinsa ya ce a riƙa duba zuciyarta.

Ma'aikacin ɗakin hoto: Gaskiyarki Hajiya, nan kam akwai hujja. Binciken da aka buga a 2013 kan matan Swidin da Denmak ya nuna kowane girei ɗaya (ma'aunin hasken gashin) da ya sauka kan zuciya na ƙara haɗarin toshewar jijiyoyinta da kashi 7.4 cikin ɗari, kuma abin kan ja shekaru da dama. Hasken ne ke kumbura jijiyoyin ya bar tabo. Shi ya sa a wasu cibiyoyi ake sa mace ta ja dogon numfashi ta riƙe, huhu ya ture zuciyar daga hanyar hasken. Amma don Allah kada ta gudu daga gashin saboda wannan, dajin ne babban haɗari.

Hajiya ta Sabuwar Unguwa: Ba za ta fasa ba in sha Allah.

Ma'aikacin ɗakin hoto: Kawu, maƙwabcin nan an auna jininsa kuwa?

Kawu na Ƙofar Soro: Hawan jini kam yana da shi, tun azumi ya ajiye maganin. Ni dai hankalina bai kwanta da wayar ba, amma gobe zan je in matsa wa 'ya'yansa su mayar da shi kan magani.