An ce in koma hoton mama bayan wata 6, na kasa barci

Maman Hibba, Argungu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya cika mani ciki. Shekarata 44, ɗiya 5, ina koyarwa a firamare nan Argungu. Watan Oktoba da anka yi ta wayar da kai kan kansar mama wata abokiyar aikina ta ja ni munka tahi Birnin Kebbi munka yi hoton nan da ake matse mama cikin inji, mamogiram, ni wallahi ba abin da ke damuna rakiya ce ta kai ni. Nata ya fito lahiya lau. Ni ko bayan kwana 9 sai ga waya wai in dawo akwai wurin da ba su gani da kyau ba a na hagu. Na koma anka sake ɗaukar hoton ta wani gefe anka yi mani sikanin, likita ya ce ga dukkan alamu ba komi ba ne amma in dawo bayan wata 6 a sake dubawa. A takardar an rubuta BI-RADS 3.

Tun ranan ban sake barcin kirki ba. Ƙarfe 2 na dare idona biyu ina kallon silin ina lissafin shekarun autana, in na ɗauki waya kuma sai bidiyon masu cutar ke ta zo mani a TikTok. A rana sai in taɓa wurin ya fi sau 10, har ya fara mani zafi, zafin kuma ya ƙara tsorata ni. Gwaggona ƙanwar babanmu wannan ciwon ya kashe ta ina budurwa, ni ke kai mata kunu ɗakin da anka aje ta, har yau ban manta yadda maman ya fashe ba. Maigida bai sani ba, ce mashi na yi ciwon kai ke damuna.

In ba komi ba ne don mi za a ce in dawo? In kuma akwai abu don mi za a bar shi wata 6 yana girma? Ko ɓoye mani sunka yi? Wadda ta taɓa shiga irin wanga hali ta gaya mani yadda ta yi.

Sista Mai Hoto, Gusau:

Wa alaikumus salam Maman Hibba, sannu, Allah shi ba ki lahiya. Ni a sashen hoto nake aiki, irin takardar nan kullum tana wucewa ta hannuna, bari in warware miki ita yadda na sani, amma likitan da ya ga hotonki shi ke da magana ta ƙarshe.

BI-RADS ɗin nan lamba ce da likitocin hoto ke sa wa daga 0 zuwa 6 don kowane likita ya karanta ya gane abu guda. 0 na nufin hoton bai wadatar ba a ƙara wani, kusan shi ne matsayin da kika shiga ranar da anka kira ki. 1 ba a ga komi ba, 2 an ga abu amma an tabbata marar illa ne. 3 naki kenan, an ga abu mai kamar marar illa, yiwuwar ya zama kansa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, wato in kin tara mata 100 masu irin takardarki 98 ko fiye ba su da ita. 4 shi ne wanda ake cewa a ɗebi ɗan nama da allura a kai lab, 5 ana zargi mai ƙarfi, 6 kuma an riga an tabbatar. Da likitan yana zargin wani abu wallahi 4 zai rubuta ya tura ki ɗiban nama cikin satin, ba a ɓoye irin wannan a takarda don wani likitan ne zai karanta ta ya yi aiki da ita.

Batun wata 6 kuma, hotonki na farko kenan, ba su da tsoho da za su aza kusa da shi su ce ai wannan abin dama can yana nan. Shi ya sa masu yi karon farko sun fi kowa samun kiran dawowa. Abu marar illa, kamar ƙullin da ake kira faiburo'adinoma ko 'yar jakar ruwa, yawanci yana zama yadda yake, girmansa da siffarsa ba su canzawa. To wata 6 shi ne tazarar da in abu na motsi za a gan shi tun yana ƙarami. Kuma in faɗa miki tun yanzu don kar ranki ya ɓaci, ko na Afirilu ya fito lahiya suna iya cewa ki sake dawowa, tsarin shi ne wata 6, wata 12, sai wata 24, in bai canza ba a mai da shi 2 ki koma layin kowa.

Kiran dawowar ma ba baƙon abu ba ne, a Amurka inda anka fi tattara lissafi kusan mace 1 cikin 10 ake sake kira bayan hoto, cikin waɗanda anka kira kuma ba su kai 1 cikin 10 ba ake samu da kansa. Wani lokaci naman mama ne ya hau kan juna wurin matsewa, wani lokaci maman ne mai cikar nama, a hoto fari yake fitowa kuma ƙulli ma fari yake fitowa, dole a haɗa da sikanin.

Ki daina matsar wurin nan don Allah, ko lafiyayyen hannu kika yi ta latsa sau 10 a rana sai ya yi tsami. Sau ɗaya a wata ya isa, 'yan kwanaki bayan kin gama al'ada. Abin da ba za ki jira Afirilu a kansa ba: sabon ƙulli mai tauri, jini daga kan nono, kan nonon ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, fatar ta lotsa ko ta koma kamar ɓawon lemu, ko kaluluwa a hammata da ta ƙi sauka. Ko ɗaya kika gani ki koma ranan.

Maganar gwaggonki ki gaya wa likita, mutane na zaton dangin uwa kaɗai ake lissafawa, har na uba ana yi. Amma kar ki ɗauka gado ne dole, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na masu cutar ne ake dangantawa da gado.

Uwar Tagwaye, Yauri:

Kai 'yar uwa kamar ni ce na rubuta wannan. Ni nawa ma 4 anka sa, shekara 3 kenan, anka ɗebi naman da allura anka ce sati 2 rizal zai fito sai da ya yi sati 5, na je asibitin sau 3 daga Yauri ana ce mani bai dawo ba, kuɗin mota kaɗai ya ishe ni, na rame har maƙwabta na tambaya ko ciki ne. Da ya fito faiburo'adinoma ne, ba kansa ba, kuka na yi a barandar asibitin wata nas ta riƙe ni. Likitan ya ce cikin mata 5 da ake ɗibar wa nama kusan 4 haka nasu ke fitowa.

Abin da ya fi taimaka mani cikin satuttukan nan, na ware ma damuwar lokacinta. Bayan la'asar in zauna da littafi in rubuta duk abin da ke tsorata ni da tambayar da zan yi ma likita, minti 15 in rufe. In tunanin ya taso da dare sai in ce mashi sai gobe la'asar. Kwanakin farko bai ji ba, daga baya ya fara ji. Waya kuma a falo take kwana, don duk bidiyon da kika tsaya kika kalla irinsa za su yi ta turo miki, kuma wadda rizal ɗinta ya fito lahiya ba ta yin bidiyo, gida take komawa ta ɗora tukunya.

Ki gaya ma maigida. Ni sati 3 na ɓoye, ina tsoron kar danginsa su ji su fara maganar aure, nan na fi shan wuya. Da na faɗa shiru ya yi, da asuba ya ce ranar karɓar rizal tare za mu. In kin san naki ba mai riƙe magana ba ne to ki samu 'yar uwa guda, amma wata 6 ya yi ma mutum ɗaya nauyi.

Abu Sadik, Jega:

Hajiya Allah shi sawwaƙe. Akwai wani mai magani wajenmu yana ba da na shafawa da na sha ƙullin ya narke, mata da yawa na zuwa. Kuma na ji an ce hasken injin nan shi kansa yana kawo cutar in an yawaita, allurar ma in ta taɓa wurin sai ya bazu. Ki yi tunani kafin ki koma.

Sista Mai Hoto, Gusau:

Malam Abu Sadik na san da kyakkyawar niyya ka faɗa amma don Allah a'a. Hasken mamogiram guda bai wuce wanda jikin mutum ke ɗauka daga ƙasa da iska cikin kamar sati 7 yana zaune gidansa ba. Allurar ɗiban nama kuma ita ce hanyar da ake tantance ciwon a duk duniya, ba ita ke baza shi ba, abin da ke faruwa da yawa sai ciwon ya riga ya yi nisa suke zuwa, in ya tsananta bayan allura sai a ɗora mata laifi. Maganin shafawa ni na ga matan da ya ƙona ma fata, sun ɓata wata 8 ko shekara kafin su zo muna, lokacin ya kai hammata. Wadda ƙullinta ya narke da magani wataƙila jakar ruwa ce da ke sauka da kanta.

Hajiya Inno, Birnin Kebbi:

Ɗiyata Maman Hibba, jikata ce ke rubuta mani wannan ina faɗa mata. Ni an cire mani mama guda shekara 11 da sunka wuce, na yi ta zuwa Sakkwato asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo, na sha allurai gashina ya zube ya sake tsirowa, ga ni yau ina aurar da jikoki. Na faɗa miki ne don ki san ko abin da kike tsoro ne ya zo, wanda anka kama da wuri ana warkewa. Gwaggonki Allah shi jiƙanta, a zamaninsu ba hoto ba kowa mai cewa a tahi asibiti sai abu ya fashe, ke kuwa injin ya ga abin da ko hannunki bai ji ba. Yanzu har mata na fitowa tattaki kan titi watan Oktoba, Dakta Zainab Shinkafi Bagudu da gidauniyarta ta Medicaid sun yi ƙoƙari ƙwarai wajen sa mata su daina jin kunyar maganar a jiharmu.

In kin farka cikin dare kar ki kwanta kina juyi, tashi ki yi alwala ki yi raka'a biyu, ki yawaita Hasbunallahu wa ni'imal wakil. Tsoro ba raunin imani ba ne ɗiyata, ni ma na ji shi. Amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, naki ɗaurin shi ne ranar nan da anka ba ki, kar ki bari ta wuce ko da biki ne ko rashin kuɗin mota, fara aje kuɗin tun yanzu ko ta adashi. In kuma barcin da cin abinci sunka ƙi dawowa har sati 2 ko 3 ki je ki gaya ma likita, shi ma ciwo ne mai magani.

Maman Hibba, Argungu:

Na gode ƙwarai, Inna kin sa ni kuka. Sista na ɗauko takardar na sake karantawa da bayaninki a gefe, lallai 3 ne kuma akwai inda sunka rubuta girman abin milimita 8. Jiya bayan isha'i na nuna ma maigida, ya yi faɗa don mi na ɓoye, daga baya ya sa ranar a wayarsa. Na ɗan yi barci amma ƙarfe 3 na sake farkawa, wayar dai tana falo. Sista ranar komawar akwai abin da zan shirya? Kuma ina iya yi a Sakkwato tunda ƙanwata na can?

Sista Mai Hoto, Gusau:

Alhamdulillah. Ya fi kyau ki koma inda kika yi na farko don tsohon hoton na wurinsu, in dole sai Sakkwato to ki karɓi hotunan kansu a faifai ko fim ki tahi da su, takarda kaɗai ba ta isa a gwada ba. Ranan kar ki shafa hoda ko turaren hammata ko mai a ƙirji, suna fitowa kamar ɗigon farin abu a hoto su ruɗa mai karantawa. In da hali ki daidaita ranar kamar sati guda bayan al'ada, matsewar ta fi sauƙi, ki sa riga da zane ba doguwar riga ba. Kafin ki fito ki tambaye su ranar da rizal zai fito da wanda za ki kira in ya yi jinkiri, kuma ki ce likita ya gaya miki milimita nawa abin yake yanzu.