Wane gwajin jini ne ke tabbatar da cikin goɗiya?

Ɗan Shamaki: Assalamu alaikum. Goɗiya ce aka yi wa barbara, kwana 20 ba ta sake neman namiji ba, aka auna firojestaron (sinadarin jiki mai riƙe ciki) a jininta ya fito sama. Shin hakan ya isa a ce ta ɗauki ciki?

Likita Bello: Wa'alaikumus salam, Malam. Alama ce, amma ba ta isa hujja ba. Zagayen goɗiya kwana 21 zuwa 22 ne. Tana neman namiji kwana 5 zuwa 7, ƙwai kuma yakan fita saura kwana ɗaya ko biyu neman ya ƙare. A wannan lokacin istirojen, sinadarin da ke sa ta neman namiji, shi ne ke sama, firojestaron kuwa bai kai nanogiram 1 a mililita ba. Da ƙwai ya fita, gurbinsa sai ya zama wani ƙulli mai fitar da firojestaron, ya haura nanogiram 4 cikin 'yan kwanaki. In ba ciki, wajen kwana na 14 ko 15 bayan fitar ƙwai mahaifa ta saki wani sinadari mai suna furostagilandin ya narkar da ƙullin. To wani lokaci ƙullin yakan ƙi narkewa, goɗiya ta yi wata biyu tana harbin ingarma, jini yana nuna sama, ciki kuwa babu. Hoton ciki a kwana na 14 zuwa 16 ya fi, don a nan ake gano tagwaye tun kafin su kafu.

Hajiya Likita: Gaskiyar Likita ne. Ƙari a kai, kowane zango na ciki da nasa gwajin. Wajen kwana na 36 zuwa 38 wasu ƙananan kofuna ke tsirowa a bangon mahaifa suna fitar da wani sinadari da ake kira eCG, wanda ake aunawa a jini. Yakan kai ƙololuwa tsakanin kwana 55 da 70, ya ɓace wajen 120 zuwa 150. Tarkon shi ne, ko ɗan ya mutu bayan kofunan sun kafu, ba sa dainawa. Gwaji ya ce akwai ciki, goɗiya ta ƙi komawa zagayenta yadda ya kamata, mai ita ya yi asarar watanni yana jira.

Daga kwana 100 a nemi gwajin wani sinadarin, istiron salfet. Da haɗin gwiwar ɗan da mabiyiya ake samar da shi, saboda haka in ya yi sama, ɗan yana raye.

Ɗan Shamaki: Na gode, Hajiya. In an auna a wata na bakwai aka ga firojestaron ya faɗi fa, ɓari ne ke tafe?

Likita Bello: A'a. A wannan lokacin mabiyiya ta karɓi aikin, tana fitar da danginsa waɗanda wasu gwaje-gwajen ba sa kamawa. Kada a ɗora ta a kan altrenogest, maganin da ke yin aikin firojestaron, saboda wannan lambar kawai. Abin dubawa shi ne hantsa ta cika tun ciki bai kai kwana 300 ba, ko ruwa yana fita ta farji. Nan a kira likita a ranar. Tsinken gwajin mata kuma ba ya aiki a kan goɗiya, hCG, sinadarin cikin mace 'yar Adam, yake nema, ita kuwa ba ta da shi.