Za a sa wa mahaifina batirin zuciya, me ya kamata mu 'yan gida mu yi?

Autar Baba:

Assalamu alaikum. Likitoci sun ce nan da mako biyu za a sa wa mahaifina na'urar daidaita bugun zuciya. Shekarunsa 71, bugun zuciyarsa kan sauka har 38 a minti, jiri ya addabe shi, sau biyu yana suma. Yana shan warfarin, maganin hana jini yin guda, da maganin hawan jini. Hankalinsa a tashe yake, namu ma haka. Don Allah masana, me za mu shirya kafin ranar, me kuma za mu lura da shi in an sallame shi? Dangi da abokansa suna ta tambayar ta ina za su taimaka, na rasa abin da zan ce musu.

Ma'aikacin Tiyata:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ki fara kwantar masa da hankali da wannan: ba buɗe ƙirji za a yi ba, ba kuma tsayar da zuciyar za a yi ba. Allurar kashe zafi ake yi a wurin, a ƙara da ɗan maganin da zai sa jikinsa ya saki, amma idonsa biyu. Za a tsaga fata kamar santimita 5 a ƙasan ƙashin nan da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa, galibi a hagu. Daga nan a zura siririyar waya ɗaya ko biyu ta jijiyar jini har cikin zuciya ta ɓangaren dama, ana kallon tafiyarta a allo. Sai a haɗa wayar da na'urar, wadda ba ta wuce girman kwalin ashana ba, a yi mata aljihu ƙarƙashin fata a ɗinke. Aikin kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, a sallame shi ran nan ko washegari.

Na'urar saurare take yi. In zuciya ta buga da kanta sai ta ƙyale ta, in ta yi nawa ƙasa da adadin da aka saita, misali 60, sai ta tura ɗan lantarki da ba a jin sa. Tun 1958 ake wannan aiki. Mutumin farko da aka dasa wa a Suwidin, Arne Larsson, ya rayu har 2001.

Batun warfarin ne ya fi damuna. Kada kowa a gida ya ce ya daina sha saboda tiyata. Likitoci da yawa kan bar mutum a kai, su auna INR, wato gwajin saurin daskarewar jini, kafin ranar. Ku tambaya, a rubuta muku a takarda. Akan hana cin abinci kamar awa 6 kafin aikin. In zazzaɓi ya kama shi, ko ƙurji ya fito masa, ku faɗa tun kafin ku je, gara a ɗaga ranar da a sa na'ura a jikin da ƙwayar cuta ke yawo. Kada kuma a aske masa gashin ƙirji da reza, ƙananan yanka su ne ƙofar cuta.

Nas Mai Jinya:

Sannu Auta. Masu son taimako ki raba musu aiki, kada kowa ya zama likita. Mutum ɗaya tak ya riƙe magana da asibiti: shi ke da jerin magunguna, shi ke rubuta abin da likita ya ce, shi ke ajiye hoton katin bayanan na'urar da asibiti za su ba Baba a wayarsa. Wani ya kwana da Baba daren farko a gida. Abokai su ɗauki kai shi asibiti da dawo da shi, don akan hana tuƙi na aƙalla mako guda. 'Yan dubiya kuwa su taƙaita zama, mai mura ko tari ya gaishe shi ta waya.

Sai ciwon. Mutum ɗaya ya riƙa duba wurin kullum a haske mai kyau, bayan ya wanke hannu. Kada ruwa ya taɓa shi sai ranar da aka ce, kada a shafa mai, hoda ko wani magani. Ɗan kwanciyar jini da ɗan zafi ba komai ba ne. Abin da ba a kwana da shi: wurin ya yi ja yana faɗaɗa, ya ɗau zafi, ya fara ruwa ko mugunya, ɗinkin ya buɗe, ko zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius. Kusan mutum 1 cikin 100 ne wannan kan sama, amma in cuta ta kama na'urar, ƙwayar magani kaɗai ba ta kashe ta, sai an cire na'urar da wayoyinta gaba ɗaya.

Tunda yana kan warfarin, jini na iya taruwa a aljihun, wurin ya kumbura ya yi tauri. Don Allah kada ku bari wani ya soka allura wai zai zuƙe. Ta nan ake shigar da cutar. Ku koma wurin waɗanda suka yi aikin.

Hannun kuma, na ɓangaren da aka yi aikin: mako 4 zuwa 6 ba ɗaga gwiwar hannu sama da kafaɗa, ba ɗaukar abin da ya wuce kilo 5, ba miƙa hannu baya. Tsinin wayar bai gama kama naman zuciya ba, jan ƙarfi na iya zame shi. Ku sauko masa da kayan da yake amfani da su daga saman kabad, ku tanadi riga mai maɓalli a gaba, a fara zura hannun ciwon.

Autar Baba:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To ko mu rataye masa hannun a wuya har tsawon makonnin nan? Yayana kuma ya ce sai Baba ya rabu da wayar salula.

Mai Saita Na'ura:

A'a 'yar'uwa, kada ku rataye. In asibiti sun sa masa, na yini ɗaya ko biyu ne. Hannun da aka ɗaure wata guda kafaɗarsa kan sandare, warware ta kuma kan ci watanni da azaba. Ya ci abinci da hannunsa, ya goge baki, ya motsa shi a hankali ƙasa da kafaɗa, ya fara ɗan tattaki tun washegari. Abin tausayi ne a ga dattijon da zuciyarsa ta daidaita, amma ƙaunar 'ya'ya ta zaunar da shi a gado.

Ki ce wa Yaya waya tana nan. Santimita 15 ake so tsakaninta da na'urar: Baba ya kara a kunnen ɗaya ɓangaren, kada ya sa ta a aljihun gaban riga. Mayen ƙarfe ne abin gudu, wanda ke cikin murfin waya, lasifika da abin sauraro na kunne, domin in ya matso sai na'urar ta daina saurare ta koma bugu a adadi ɗaya har sai an janye shi. Firji, talabijin, dutsen guga da makamantansu ba matsala. Walda ta lantarki, da sunkuyawa kan injin mota yana aiki, su ya bari. Ƙofar bincike ta filin jirgi ya nuna katinsa ya wuce kai tsaye, kada ya tsaya a ciki. Duk likitan da zai taɓa shi, ko na haƙori ne, a gaya masa, musamman kafin hoton MRI ko wata tiyata.

Ku koyi ƙirga bugun jininsa a wuyan hannu na minti guda cif, ku kuma tambayi adadin da aka saita. In kun ƙirga ƙasa da shi sosai kuma jirin ya dawo, ko shaƙuwa ta ƙi tsayawa, ko naman ƙirji na motsi daidai da bugun zuciya, wataƙila wayar da ke cikin zuciya ta zame. Numfashi da ƙyar ko ciwon ƙirji mai suka a kwanakin farko na iya zama iska ta shiga gefen huhu. Hannun ya kumbura, gudan jini ne ake zargi. Duk waɗannan asibiti ne nan take, suma kuwa gaggawa ce.

Ku hana shi wasa da na'urar da yatsa ta saman fata, juya ta kan nannaɗe wayar ta fizgo ta. Maganin hawan jininsa yana nan, na'urar ba ta maye gurbinsa. Za a duba shi bayan mako 4 zuwa 6, daga nan duk wata 6 zuwa 12. Batirin kan kai shekara 6 zuwa 10 ko fiye, ba ya mutuwa farat ɗaya, ana ganin saukarsa watanni kafin lokaci. Mai riƙe takardu ya rubuta ranar dubawar farko tun kafin ku bar asibiti.